Aleksanda Koyre, Malamin Da Ya Ƙi Yarda Da Gwajin Galileo

Da wuya a sami wanda ya shiga makarantar sakandare bai ji labarin Galileo ba, masanin nan na ƙasar Italiya, wanda aka ce wata rana ya hau kan karkatacciyar hasumiyar garin Pisa ya saki duwatsu biyu, babba da ƙarami, suka dira ƙasa lokaci guda, ya kunyata malaman jami'ar garin a bainar jama'a. Labari ne mai daɗin ji, shi ya sa malaman makaranta ba su gajiya da ba da shi. To, a cikin shekarar 1937 wani malami a birnin Faris ya bi diddigin wannan labari, ya nuna cewa Galileo kansa bai taɓa ambatonsa a cikin littattafansa ba, kuma babu ko ɗaya daga cikin malaman da aka ce an kunyata wanda ya yi maganarsa. Asalin labarin daga wurin mutum guda ya fito, watau Viviani, almajirin da ya yi wa Galileo hidima bayan ya tsufa ya makance, wanda ya rubuta tarihin malaminsa a 1654, fiye da shekara sittin bayan lokacin da aka ce abin ya faru. Wannan malami na Faris shi ne Aleksanda Koyre. Rushe labarin hasumiya kuwa ɗan ƙaramin abu ne a cikin abin da ya sa gaba, domin abin da ya ke nema shi ne ya gano daga ina kimiyyar zamani ta fito a ƙarni na goma sha bakwai, daga hannun masu gwaji ne ko kuwa daga kan masu tunani.

Asalinsa Da Karatunsa

An haifi Koyre ran 29 ga watan Agusta, 1892, a garin Taganrog, wata tashar jiragen ruwa da ke bakin tekun Azov a kudancin Rasha. Iyayensa Yahudawa ne, mahaifinsa kuma attajiri ne mai fatauci. Ya yi karatun sakandare a Tiflis, inda a yau a ke kira Tbilisi, da kuma Rostov. Zamanin na hargitsi ne, ƙasar Rasha ba ta huce ba daga tarzomar 1905, shi kuwa yaron tun bai kai shekara ashirin ba ya faɗa cikin ƙungiyar masu neman kifar da sarautar Sarkin Rasha, har aka kama shi aka tsare na wani lokaci. Da ya fito sai ya bar ƙasar, ya nufi Jami'ar Gottingen a Jamus, wadda a lokacin babu kamarta a duniya wajen ilmin lissafi. A can ya zauna gaban shaihunnan malamai biyu, David Hilbert a fannin lissafi da Edmund Husserl a fannin falsafa.

Zamansa a Gottingen bai ƙare da daɗi ba. Ya rubuta kundin neman digirin dakta a kan waɗansu matsaloli masu ɗaure kai na tushen lissafi, ya kai wa Husserl a 1912, Husserl ya duba ya ce bai isa ba. Saurayin ya tattara nasa-ya-nasa ya koma Faris. Duk da haka bai riƙe malamin nasa a zuci ba, sun ci gaba da zumunci, kuma akwai abu ɗaya da ya ɗauko daga wurinsa wanda ya yi masa amfani har ƙarshen rayuwarsa. Husserl ya kan koya wa almajiransa su ajiye duk abin da suka riga suka yarda da shi a gefe, su dubi abu yadda ya bayyana a cikin tunani. Koyre ya ɗauki wannan horo ya kai shi kan tsofaffin littattafai: in za ka karanta mutumin da ya mutu shekara ɗari uku da suka wuce, sai ka manta da abin da aka gano bayansa, ka shiga rigarsa, ka ga duniya da idonsa.

A Faris ya saurari laccocin Henri Bergson, ya fara bincike a kan malaman Kirista na zamanin da. Yana cikin wannan sai Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, ya shiga rundunar baƙi ta sojan Faransa, daga baya ya koma fagen daga na Rasha. Juyin juya hali na 1917 da yaƙin basasar da ya biyo baya duk a can suka same shi. A wajen 1920 ya komo Faris, ƙasar haihuwarsa ta riga ta rufe masa ƙofa.

Daga Tauhidi Zuwa Taurari

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, mutumin da aka sani yau da tarihin kimiyya ya shafe shekara goma na farkon aikinsa bai taɓa kimiyya ba. Littafinsa na 1922 a kan hujjojin samuwar Ubangiji ne a wurin Dekat, masanin falsafar Faransa. Na 1923 kuma a kan irin wannan magana ce a wurin Anselm, wani babban limamin Kirista na ƙarni na goma sha ɗaya. Aikin koyarwa ma a sashen nazarin addinai ya same shi, a wata babbar makarantar bincike ta Faris mai suna École Pratique des Hautes Études. Babban kundinsa, wanda ya fito a 1929, a kan Yakubu Boehme ne, wani baduku mai ɗinkin takalma a garin Gorlitz na Jamus, wanda ya rayu daga 1575 zuwa 1624, ya rubuta littattafai masu duhun ma'ana a kan asirin halitta da asalin sharri, irin maganganun da sufaye su kan yi.

Badukun nan ne ya kai shi ga taurari. Koyre ya lura cewa ba a iya fahimtar abin da Boehme ke faɗa sai an san cewa a zamaninsa sabon ra'ayin Kofanikus ya fara bazuwa, watau cewa rana ce a tsakiya, ƙasa kuwa kewaya ta ta ke yi. Daga nan ya tabbata a ransa cewa tunanin ɗan Adam ba a ɗaki-ɗaki ya ke ba, a ce wannan ɗakin addini ne, wannan na falsafa, wancan na kimiyya. Idan siffar sama ta sāke a idon mutane, to yadda su ke tunani game da Mahalicci da kuma kansu ma sai ya motsa. Akwai kuma wani dattijo masanin falsafar kimiyya, Émile Meyerson, wanda Koyre ke zuwa zaurensa, shi ma ya yi ta tura shi wajen wannan fanni. A 1934 ya fassara kashi na farko na littafin Kofanikus daga Latin zuwa Faransanci, ya yi masa sharhi.

A cikin waɗannan shekaru ne ya fara zuwa Alƙahira koyarwa a Jami'ar Masar, ya je a 1933, ya sāke komawa daga baya fiye da sau ɗaya. A cikin waɗanda suka yi karatu a hannunsa a can akwai Abdurrahman Badawi, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan masana falsafa na ƙasashen Larabawa. Tafiyar ta bar wata alama a Faris ma, domin darasin da ya ke bayarwa a kan falsafar Hegel sai ya bar wa wani ɗan ƙasarsu, Aleksanda Kojeve, wanda ya riƙe shi har 1939, darasin ya shahara ƙwarai. A cikin waɗannan shekaru kuma ya zauna ya karance ayyukan Galileo daki-daki. Abin da ya fito daga wannan karatu shi ne Études galiléennes, watau Nazarce-nazarce a Kan Galileo, mai ɗauke da kwanan shekarar 1939.

Abin Da Littafin Ya Zo Da Shi

Kafin Koyre akwai bayani iri uku game da haihuwar kimiyyar zamani. Na farko shi ne na littattafan makaranta, cewa mutanen da sun maƙale wa Arisɗo, wanda Turawa ke kira Aristotle, sai Galileo ya zo ya ce a rufe littafi a buɗe ido a yi gwaji. Na biyu na Pierre Duhem ne, wani Bafaranshe wanda ya tono rubuce-rubucen malaman Jami'ar Faris na ƙarni na goma sha huɗu, irin su Buridan da Oresme, ya ce ai Galileo gādo kawai ya ci, babu wani sabon abu. Na uku na Boris Hessen ne, wakilin Tarayyar Sobiyat a wani taro da aka yi a Landan a 1931, wanda ya ce bukatun 'yan kasuwa da masu haƙar ma'adinai da masu harba igwa su ne suka haifi ilmin Niyuton. Shi Hessen ɗin gwamnatin Stalin ta harbe shi a 1936. Koyre duk ukun ya ƙi su.

Hujjarsa a kan na farko ita ce mafi daɗin bi. Ya nuna cewa idan ido za a bi, ai Arisɗo ne mai gaskiya. Kowa ya ga cewa amalanke ba ya tafiya sai ana tura shi, in an bari ya tsaya. Kowa ya ga dutse ya riga ganye faɗowa. Kowa ya ga rana tana fitowa tana faɗuwa, ƙasa kuwa tana nan daram. To, ƙa'idar da aka gina sabuwar kimiyya a kanta cewa ta yi, abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya a miƙe, da sauri iri ɗaya, har abada, muddin wani abu bai tare shi ba. Wa ya taɓa ganin haka? Babu, kuma ba za a taɓa gani ba, domin sai a cikin sarari marar iyaka wanda babu kome a cikinsa irin wannan motsi zai yiwu. Ashe ke nan masu sabuwar kimiyya sun bayyana abin da a ke gani ne ta hanyar abin da ba ya yiwuwa a gani. Wannan kuwa ba aikin ido ba ne, sai an sāke tunani tun daga tushe.

Sauyin da ya faru, a bayanin Koyre, fuska biyu gare shi. Ta farko ita ce rushewar tsohuwar duniya mai iyaka, wadda ƙasa ke tsakiyarta, falakai suna kewaye da ita hawa-hawa, kowane abu da wurin da ya dace da shi, dutse yana neman ƙasa, wuta tana neman sama, taurari kuma an yi su da wani jiki na dabam wanda ba ya lalacewa. Wanda ya leƙa tsofaffin littattafan falaki na Larabci zai gane wannan tsari, gama daga tushe ɗaya suka sha. Ta biyu ita ce mayar da sarari abin lissafi zalla, watau ya zama shimfiɗaɗɗen fili irin na jometiri, inda babu sama babu ƙasa, babu wurin da ya fi wani daraja, doka ɗaya ce ke aiki a kan tuffa da kuma a kan wata. Saboda haka ne ya ɗauki Galileo a matsayin almajirin Aflaɗun da Arkimidis, masu ganin cewa da lissafi aka tsara halitta, ya kuma ce abin da ya faru ramuwar Aflaɗun ce a kan Arisɗo. Game da Duhem kuwa, ya yarda cewa malaman Faris sun yi maganar wani ƙarfi da ke zama a cikin abin da aka jefa yana tura shi, ra'ayin da Ibn Sina ma ya yi irinsa tun kafin su, amma ya nuna cewa wannan har yanzu neman abin da ke tura motsi ne, alhali sabuwar ƙa'ida cewa ta yi motsi ba ya bukatar mai turawa. Sai da Galileo ya yar da wancan ra'ayi kafin ya ci gaba.

Inda gwanintarsa ta fi fitowa shi ne wajen karanta kuskure. Sauran masu tarihi su kan tsallake kurakuran manyan masana don kunya, su tsinto abin da ya dace da ilmin yau kawai. Koyre kuwa a nan ya kan ja birki. Ga misali, dokar faɗuwar abu mai nauyi ita ce, in ya yi tafiyar kamu ɗaya a daƙiƙar farko, to a daƙiƙa biyu zai yi kamu huɗu, a uku ya yi tara. Galileo ya rubuta wannan doka daidai a cikin wasiƙar da ya aika wa abokinsa Paolo Sarpi a 1604, amma ya kafa ta a kan tushen da ba daidai ba, domin ya zaci saurin abin yana ƙaruwa ne gwargwadon nisan da ya yi, alhali gwargwadon lokacin da ya ɗauka ne. Shekara goma sha huɗu bayan haka Dekat, ba tare da ya san aikin Galileo ba, ya yi tuntuɓe a wuri mai kama da wannan. Koyre ya tambaya, me ya sa haziƙai biyu irin waɗannan suka faɗa rami ɗaya? Amsarsa ita ce, nisa ana iya zana shi a takarda, lokaci kuwa ba ya zanuwa cikin sauƙi, don haka mai tunani da layi da kusurwa sai nisa ya ja shi. Kusan kashi guda cikin uku na littafin a kan wannan kuskure ɗaya ya tafi, kuma wanda ya karanta shi zai fi gane wuyar abin da yara ke haddacewa yau a aji uku na sakandare.

Yaƙi Da Gudun Hijira

Littafin ya fito a mummunan lokaci. Jamus ta mamaye Faransa a 1940, babu mai sauraron maganar Galileo. Koyre, da ya ke Bayahude ne, ya samu ya fita ya koma Alƙahira. Abin da zai same shi da ya tsaya ba a ɓoye ya ke ba, gama abokiyar aikinsa Hélène Metzger, wadda ta yi fice a tarihin ilmin haɗa magunguna na ƙarni na goma sha bakwai, an kama ta a garin Lyon a 1944 aka tura ta sansanin Auschwitz, ba ta dawo ba. A Alƙahira ya sadu da Janar de Gaulle a 1941, ya miƙa kansa ga ƙungiyar 'yantar da Faransa, aka ga cewa ya fi amfani a Amurka. A birnin Niyu Yok shi da waɗansu malaman Faransa da Beljiyam masu gudun hijira suka kafa wata makaranta a 1942, ya zama sakatarenta. Ɗaliban ilmin harshe za su so su san cewa a wannan makaranta ce Koyre ya haɗa Roman Jakobson da Claude Lévi-Strauss, haɗuwar da ta sa aka ɗauki hanyar nazarin tsarin sauti aka kai ta kan nazarin dangantakar aure da tatsuniyoyi.

A 1943 ya rubuta wata gajeruwar maƙala a kan ƙarya, wadda ba ta shafi kimiyya ba ko kaɗan. Ya nuna cewa gwamnatocin kama-karya na zamaninsa sun yi kama da ƙungiyar asiri wadda ke aikinta da rana tsaka, ƙarya ita ce abincin da ta ke ba talakawa, har ta kan faɗi ainihin nufinta a fili don ta san ba za a gaskata ta ba. Hannah Arendt ta yi amfani da wannan ra'ayi a cikin babban littafinta a kan mulkin kama-karya. A wannan shekara ce kuma ya buga maƙalarsa a kan Galileo da Aflaɗun da Turancin Ingilishi, ita ce ta buɗe masa ƙofar jami'o'in Amurka.

Bayan yaƙi ya koma Faris. A 1951 ya nemi kujerar shaihun malami a Collège de France, wadda ita ce ƙololuwar daraja ga malamin Faransa, yana so a kafa ta da sunan tarihin tunanin kimiyya. Masanin tarihi Lucien Febvre ya goya masa baya, amma da aka jefa ƙuri'a sai Martial Gueroult, masanin tarihin falsafa, ya samu. Abin da gida ta hana shi sai waje ta ba shi. Ya koyar a Chicago da Johns Hopkins da Wisconsin, sa'an nan a 1956 aka ba shi wurin zama na dindindin a cibiyar bincike mai zurfi ta Princeton, lokacin Robert Oppenheimer ne shugabanta, ya riƙa raba shekara tsakanin can da Faris. Samarin da suka kafa tarihin kimiyya ya zama fanni mai cin gashin kansa a jami'o'in Amurka, irin su Bernard Cohen da Marshall Clagett da Charles Gillispie, duk littafin nan na 1939 suka mayar abin koyi. Thomas Kuhn ma ya ambace shi a cikin waɗanda suka buɗe masa ido a littafinsa na 1962 a kan juyin juya hali a kimiyya. A Faris kuwa sai a 1958 aka buɗe masa cibiyar bincike, da taimakon Fernand Braudel, wadda aka sa wa sunansa bayan mutuwarsa.

Littafinsa da aka fi karantawa ya fito a 1957 da Ingilishi, From the Closed World to the Infinite Universe, watau daga rufaffiyar duniya zuwa sarari marar iyaka. A cikinsa tsohon malamin tauhidi ya sāke bayyana. Ya bi muhawarar iyakar duniya tun daga Nicholas na Cusa, ya biyo ta kan Giordano Bruno, wanda aka ƙona a Rum a 1600, da Kefla, wanda maganar rashin iyaka ta ke firgita shi, har zuwa musayar wasiƙu ta 1715 da 1716 tsakanin Leibniz da Samuel Clarke, mai kāre ra'ayin Niyuton. Ya nuna cewa waɗannan mutane da su ke gardama a kan sarari, gardama su ke yi a kan yadda Ubangiji ke tafiyar da halittarsa, shi Niyuton kuwa mai tsananin imani ne. Amma magadansa, cikin shekara ɗari, sun riƙe sararin da dokokinsa, suka ajiye maganar Mahalicci a gefe. Koyre bai ba da wannan labari da murna ba. Yana ganin an sami ilmi mai girma, amma an samu duniyar da ke da wurin kowane abu ban da ɗan Adam da abin da ya ke ƙauna.

Inda Ya Zarce

Duk wanda ya riƙe ra'ayi ɗaya da ƙarfi, wata rana sai ra'ayin ya ja shi ya wuce gona da iri, Koyre ma bai tsira ba. A cikin littafin Galileo na 1638 akwai bayanin wani gwaji: katako mai tsawon kamu goma sha biyu, an fafe masa kwari an shimfiɗa fata mai santsi, an jingina shi ya yi gangara, ana sakin ƙwallon tagulla yana mirginowa, lokaci kuma ana auna shi da ruwan da ke tsiyaya daga wata babbar tukunya, a tara a kofi a ɗora a sikeli. Galileo ya ce ya maimaita sau ɗari, sakamakon bai sāɓa ba. A wata maƙala ta 1953 Koyre ya yi wa wannan gwaji dariya, ya ce kayan aikin tarin hanyoyin kuskure ne kawai, ba yadda za a yi su ba da sakamako mai kyau haka. Yana da 'yar madogara, don Mersenne, wani malamin Faransa na zamanin Galileo, shi ma ya gwada ya yi shakka. Amma abin da Koyre bai yi ba shi ne ya nemo katako da tukunya ya gwada da kansa.

Wani ɗalibi a Jami'ar Cornell mai suna Thomas Settle shi ya yi. Ya samo dogon katako da ƙwallo da tukunyar shuka fure, ya bi bayanin Galileo sau da ƙafa, ya ga cewa da ɗan sabo kaɗan ana samun awon lokaci mai kyau ƙwarai, dokar kuma tana fitowa sarai. Ya buga sakamakon a mujallar Science a 1961, Koyre yana da rai. A 1973 kuma Stillman Drake na Jami'ar Toronto ya fito da waɗansu takardun Galileo da ke ajiye a babban ɗakin karatu na Florence, waɗanda ba a kula da su ba a da, cike da lambobin awon da ya yi da hannunsa a farkon ƙarni na goma sha bakwai. A wannan shekara James MacLachlan ya gwada wani abin da Galileo ya bayyana game da ruwa da giyar inabi, cewa in an kifa tulun gilashi mai ƙaramin baki cike da ruwa a kan giyar, za su yi musayar wuri ba tare da sun gauraya ba. Koyre ya ce wannan ba zai yiwu ba, ƙaga shi aka yi. Da aka gwada sai ga shi ya yiwu. Yau babu masanin da ke musun cewa Galileo gwanin gwaji ne. Labarin hasumiyar Pisa dai har yanzu ba shi da shaida sai ta Viviani.

Akwai wani giɓi kuma. A wani taro a Oxford a 1961 Henry Guerlac ya zarge shi da raba tunani da rayuwar mutane, kamar masana ba su ci ba su sha, ba su da iyayen gida masu biyansu, ba su shiga maƙera. Koyre bai ja da baya ba, ya amsa cewa sanin halin birnin Florence ba zai bayyana Galileo ba, kamar yadda sanin Sirakus ba zai bayyana Arkimidis ba. Masu tarihin da suka biyo baya ba su gamsu ba, suka koma kan masu gyaran gilashi da masu ƙera agogo da matuƙan jirgin ruwa, suka sami abubuwa masu yawa a can. Haka nan, ko da ya ke ya rubuta cewa Larabawa ne malaman Turai a falsafar zamanin da, tarihin taurarinsa daga Girka ya ke tsallakawa zuwa Turai. A 1957 Victor Roberts ya nuna cewa tsarin tafiyar wata da Kofanikus ya yi amfani da shi daidai ya ke da na Ibn al-Shaɗir, mai kula da lokutan salla a babban masallacin Dimashƙa a ƙarni na goma sha huɗu, binciken da ya buɗe wani babban fage wanda Koyre bai shiga ba.

Ɗaya daga cikin littattafansa na ƙarshe shi ne na 1961 a kan Kofanikus da Kefla da Borelli, inda ya bi Kefla shafi-shafi cikin shekarun da ya yi yana fama da lissafin tauraron Mirriku, har da hanyoyin da ya bi suka ɓace masa. A wannan shekara aka ba shi lambar girma ta Sarton, mafi daraja a fanninsa. Ciwo ya riga ya kama shi, ya daina zuwa Princeton, ya mutu a Faris ran 28 ga watan Afrilu, 1964, yana da shekara 71. Maƙalunsa a kan Niyuton an tara su an buga a 1965. Ya bar wani aiki da shi da Bernard Cohen suka fara tun 1956, na kwatanta bugu uku na babban littafin Niyuton, na 1687 da na 1713 da na 1726, tare da rubutun hannu da gyare-gyaren da marubucin ya yi a gefen shafi, don a ga kowace kalma da ya sāke da lokacin da ya sāke ta. Cohen ya ƙarasa shi da taimakon Anne Whitman, aka buga shi cikin juzu'i biyu a 1972, da sunan Koyre a gaba.